Rijiya Ta Goma Sha Huɗu

Sallama gare ku 'yan'uwa, har da ku masu karantawa a ɓoye ba kwa ko ajiye gaisuwa. Na ga saƙonninku. Wata ta ce in daina jan rai, in faɗa muku ko mutumin ya zo gidanmu. To ya zo. Amma da motoci bakwai ya zo, har da mai jiniya a gaba, kuma saura kaɗan zuwan nasa ya raba ni da aikina.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Aina'u, shekarata ashirin da shida, 'yar Unguwar Ɗanliti ce ni, wani ƙauye a bayan Bagwai. Ina aiki a Kano, a wata hukuma ta jiha mai haƙa wa manoma rijiyoyin noman rani. Kar ku tambaye ni sunanta, ba zan faɗa ba. Aikina rahoto ne. Duk bayan wata uku dole hukumarmu ta rubuta wa Majalisar Dokoki abin da ta yi: rijiya nawa aka haƙa, wacce ke aiki, wacce ta tsaya. Injiniyoyi su kawo takardunsu, ni in tattara in buga, Darakta ya sa hannu, a ɗinke da bango shuɗi kwafi goma sha biyu. Sai in rungumo su in hau adaidaita sahu, in kai ofishin kwamitin da ke sa ido a kanmu, a buga mini hatimi a kwafina, shaidar an karɓa.

Mai buga hatimin shi ne Kamaruddeen, sakataren kwamitin. Dogo ne, baƙi, mai ɗan gilashi, kullum cikin yadi ruwan toka kamar shi kaɗai ake sayarwa a kasuwar Kantin Kwari. Wanda ya riƙe kujerar kafin shi karɓa kawai yake yi ya jera a kanta. Shi kuwa wannan bawan Allah karantawa yake yi! Ranar da na fara kai masa, ina tsaye da takalmina mai tsini, ya buɗe yana bi shafi shafi.

"Malama, shafi na tara da na sha ɗaya abu ɗaya ne."

"Firinta ce ta maimaita."

"To a gaishe da firintar, a ce mata Majalisa ba ta karɓa ba."

Na fito ina ƙunƙuni, na ce a raina wannan ko matarsa tana shan fama. Ashe babu matar. Sau uku yana mayar da ni, a na huɗu ya karɓi lambata, wai don ya riƙa sanar da ni gyara tun kafin in ɓata kuɗin mota. Gyaran ne ya koma "Kin isa gida lafiya?", ya koma "Me aka dafa yau?", har muka kai wata bakwai.

A gida kuwa Inna ta sako ni gaba. Duk ƙarshen wata nake zuwa, kuma kafin in cire mayafi take farawa.

"Zulaihatu ta gidan liman ta yaye na biyu, kin ji ko? Tare aka yi muku kitson sallah."

"Allah Ya raya, Inna."

"Amin. Ke kuma takarda za ki aura? In akwai wani ki faɗa, in babu ki faɗa, mu san addu'ar da za mu yi."

Ni kuma na ƙi faɗa, don shi kansa bai taɓa buɗe baki ya ce ga abin da yake nufi ba. Wata bakwai ana tambayata abin da aka dafa, sai ka ce jami'in duba gari.

Wancan zuwan, ranar Asabar da hantsi, Inna ta dama fura ta ce in kai wa Baba fadama. Rabona da fadama tun ina bautar ƙasa. Na zura hijabi na sa silifas ɗinta, na bi ta tsakanin gonakin da aka girbe, karan dawa an tattara shi tsibi tsibi. Ina isa na tarar da Baba, Malam Sama'ilu da kansa, mutumin da ya haura sittin, yana sauke jarkoki daga kan amalanke yana bi kwami kwami yana shayar da dashen albasa. Daga kududdufin bayan makaranta suke ɗebowa, tafiyar kusan rabin awa.

A gefensa kuwa ga tanki fari tas a kan ƙarafa, ga faifan sola guda takwas tsuntsaye sun yi musu ado, ga awaki kwance a inuwar suna tuƙa.

"Baba, wannan fa?"

"Wannan? Kwana tara ta yi tana ba da ruwa, ran na goma ta yi shiru. Yau wata biyar. Mun je sakatariya, suka ce ba tasu ba ce, ta jiha ce."

"Ba ku faɗa mini ba?"

"Ni na hana Innarki. Ƙaramar ma'aikaciya ce ke, me za mu ɗora miki?"

Na matsa kusa da allon da aka kafe. Tambarin hukumarmu ne. A ƙasa an rubuta lamba 14. A rahoto ba a sa sunan ƙauye, lamba ce da sunan mazaɓa, taswirar da injiniyoyi ke maƙalawa a baya kuwa ban taɓa duba ta ba. Kuma da yatsun nan nawa, sau biyu, na buga: "Rijiya ta 14, an kammala, tana aiki, manoma arba'in suna amfana." Ashe Babana yana cikin arba'in ɗin.

Ban gama farfaɗowa ba wayata ta yi ƙara. Kamaruddeen.

"Albishirinki. Kwamiti zai fita ziyarar gani da ido ranar Alhamis. An ce in zaɓi wuri uku. Na duba taswirar da ke bayan rahotonki, na ga ta 14 a garinku take. Na sa ta farko."

Kafin in ba da amsa wani saƙon ya sake shigowa.

"Na san aikinki ba ya ƙarya. Kuma kin ga mutum ya samu dalilin gaishe da Baba."

Jama'a, ku faɗa mini, dariya zan yi ko kuka? Wata bakwai ina jiran wannan magana, sai ta zo mini a haka. Na rubuta "Kar ku zo" na goge. Na rubuta "Akwai matsala" na goge. Ƙarshe abin da na tura shi ne, "Allah Ya kai mu." Ku zage ni, na cancanta.

Ranar Litinin wasiƙar Majalisa ta iso ofis, da tambarinta da sa hannun shugaban kwamiti. Kafin azahar an kira ni wajen Darakta, Alhaji Muntaka. Mutum ne mai fara'a, mai son babbar riga da turare, ko masinja sai ya tambaye shi lafiyar yara. Ranar kuwa hularsa ma a kan tebur take, injiniya na tsaye a gefe yana share gumi.

"Aina'u 'yata, zauna. An ce ke 'yar garin da rijiya ta 14 take ce?"

"E, ranka ya daɗe."

"Alhamdulillahi, Allah Ya kawo mana sauƙi. Injin jan ruwan ne kawai ya ƙone, ba wani abu ba. Za a gyara, amma ba kafin Alhamis ba. Ranar Laraba tankar ruwa za ta je ta cika tankin. Su zo, su murɗa, ruwa ya zubo, a yi hoto, su tafi. Ke kuma ki yi wa mutanenki magana, kowa ya kama bakinsa."

"Yallaɓai, da mun rubuta musu gaskiya, mu ce an samu kuskure a rahoto..."

"Kuskure sau biyu? Kin san abin da zai biyo baya? Sammaci. Su zaunar da ni a gaban 'yan jarida su yi ta juya ni kamar masa a tanda. Kuma sunan wa ke ƙasan shafi, wanda ya tattara?" Ya nuna ni da biro, yana murmushi. "Ba ƙarya za mu yi ba, 'yata. Gaskiya ce da ba ta ƙaraso ba tukuna."

A daren Talata ko abincin kirki ban ci ba. Laraba da safe na hau motar Bagwai, jakata ɗauke da atamfata sabuwa, shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, da mayafi ruwan madara da ban taɓa sawa ba. E, na sani. Mutum na cikin tashin hankali amma bai manta da mayafi ba. Haka Allah Ya yi mu.

Na tarar tankar ta riga ni. Mata sun fito da bokitai ana murna, direban yana kora su, wai ba a taɓawa sai gobe. Wata tsohuwa ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Ruwan na baƙi ne ke nan?"

Da yamma ina tsakar gida a kan tabarma, na zuba garwashi a dutsen guga ina bin atamfar a hankali, Inna na tankaɗe a ƙofar madafi tana kallona ta wutsiyar ido.

"Wannan gugar duk ta 'yan majalisa ce?"

"Aiki ne, Inna."

"Sau uku kina bin hannun rigar nan. Wane ne?"

Na sunkuyar da kai. Shi ke nan, na tona kaina.

"Sunansa Kamaruddeen. Shi ne sakatarensu."

Rariyar ta faɗi a cikin garin. Inna ta toshe bakinta da gefen zani don kar guɗa ta kuɓuce, ta miƙe ta nufi akurki. Zakaran da take tanadi tun damina, ranar kwanansa ya ƙare.

Baba kuwa da ya dawo daga masallaci na same shi a zaure, na durƙusa na faɗa masa saƙon Darakta, ban rage komai ba. Ya daɗe yana jan carbi.

"Ni dai ban iya ƙarya ba, kin sani. Kuma ba zan kashe miki aiki da bakina ba. Zan tsaya a baya in yi shiru."

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya, muka ji jiniya tun daga kan kwalta. Motoci bakwai suka gangaro fadama, awaki suka watse. An share faifan sola sai ƙyalli suke, an ɗaura jan ƙyalle a jikin famfo. 'Yan majalisa biyar suka fito, shadda sai ƙara take. Shugabansu wani dattijo ne gajere mai furfura a gemu, yana tafe yana barkwanci da mai unguwa. A bayansa ga mutumina, riƙe da littafi. Kuma ku ji, ya canza yadi! Farar shadda ce da hula mai ruwan ƙasa. Idonmu ya haɗu, ya ɗan sunkuyar da kai kamar bai san ni ba, amma na ga gefen bakinsa.

Alhaji Muntaka ya yi jawabi. Ni na miƙa wa kowane ɗan majalisa kwafin shafin da ke maganar rijiyar. Shugaba ya yi bismilla ya murɗa famfo. Ruwa ya feso, aka ɗau tafi, masu hoto suka yi ta haskawa. Na ce a raina, shi ke nan, minti biyar su tafi, in ci gaba da zama da abin a cikina.

Sai Shugaba ya yarfe hannu ya ce, "To mun ji daga hukuma. A kawo mana manomi, mu ji daga bakin mai abu. Gonar wa ce wannan ta kusa?"

Kowa ya juya ya kalli Baba.

Aka buɗa masa hanya. Ya taho a hankali da 'yar sharar da ya fi so, wadda Inna ta wanke jiya. Suka gaisa.

"Baba, yaya kuke jin daɗin rijiyar nan?"

"Ranka ya daɗe, ruwa dai ga shi kuna gani."

Aka yi dariya. Shugaba bai yi ba.

"Na gani. Tun yaushe take ba ku?"

Baba ya dubi ƙasa. Ni kuma na bi idonsa, na ga ƙafafunsa, duk faso, taɓon kududdufi ya bushe a gefen farcensa. Mutumin da yara ke zuwa ya raba musu gardama don an san ba ya karkacewa, yau ga shi a gaban garinsu ya rasa bakin magana saboda ni. Na ga leɓensa ya motsa. Wallahi ban san me zai ce ba, kuma ban so in sani.

"Ranka ya daɗe, tun jiya ne."

Sai da na ji muryar na gane tawa ce.

"Wace ce wannan?"

"Sunana Aina'u Sama'ilu, ni nake tattara rahoton da ke hannunka. Wannan mahaifina ne. Rijiyar kwana tara ta yi aiki, wata biyar ke nan injinta a ƙone. Ruwan nan tanka ce ta kawo shi jiya. Layin da ya ce tana aiki ni na buga shi, har sau biyu, ban zo na duba ba. Na gano ranar Asabar, kuma na yi shiru."

Ruwan ya ci gaba da zuba a banza. Tsohuwar nan ta jiya ce ta fara motsi, ta tura bokitinta ƙarƙashin famfon ta ce, "To tunda an gama hoto."

Shugaba ya fashe da dariya har da riƙe ciki, sannan ya tsuke fuska lokaci guda. Ya juya wajen Darakta.

"Alhaji, mu da ku duk takarda ce ke haɗa mu. Ba za mu iya zagaya rijiya ɗari biyu ba, abin da kuka rubuto shi muke tsayawa a zauren Majalisa mu faɗa. In kun rubuto mana ruwa alhali babu, mu kuka sa muka yi wa jama'a ƙarya. Sakatare, rubuta."

Kamaruddeen ya buɗe littafi. Ko kallona bai yi ba.

Abin da aka rubuta shi ne: cikin kwana bakwai hukuma ta kawo gyararren rahoto, kowace rijiya da sunan ƙauyenta da lambar wayar manomi ɗaya da za a iya kira. Darakta da injiniya su bayyana gaban kwamiti ranar Talata. Rijiya ta goma sha huɗu a gyara ta cikin sati shida.

"Ka ƙara da cewa," in ji Shugaba, "yarinyar nan kar in ji an mayar da ita wani lungu. Ita za ta kawo rahoton da hannunta."

Alhaji Muntaka ya yi wani murmushi wanda ya fi kuka ciwo. Da zai shiga mota ya rage murya ya ce mini, "Sannu da ƙoƙari, 'yata. Sai mun haɗu a ofis."

Motoci suka tashi, suka nufi wuri na biyu. Ba wanda ya tsaya gaishe da kowa. Na dawo gida na tarar Inna ta shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, ta jera kwanukan samira, shinkafa da miyar zakara, ga zoɓo da ƙanƙarar da aka sayo tun daga Bagwai. Labari ya riga ni isowa.

"Kin kyauta," ta ce, tana rufe kwano da ƙarfi. "Gaskiya kin faɗa, ban ce ba ki faɗa ba. Amma yaron nan kin kunyata shi a gaban iyayen gidansa, shi da ya kawo su. Aikin ma Allah kaɗai Ya san makomarsa. Zakarana kuma ya tafi a banza."

Na shige ɗaki na kwanta da atamfar a jikina. Waya shiru. Na duba ta ya fi sau talatin. Na ga yana kan layi, na ga ya sauka. Na yi kukana na share, na tashi na yi la'asar.

Ina ninke sallaya na ji tsayuwar acaɓa a ƙofar gida, sai sallama. Muryar da ta mayar da ni sau uku da rahoto, ko a cikin kasuwa zan gane ta. Ashe da suka gama wuri na uku ya nemi izini, ya sauka a Bagwai, ya hau babur ya dawo. Ni da Inna muka yi rige-rigen zuwa jikin katangar zaure. Ta ture ni, wai ba kunya gare ni ba, sannan ta manna nata kunnen.

Suka gaisa, suka sake gaisawa. Na ji yana cewa, "Baba, ni na zaɓi garin nan, ni na jawo aka tsayar da kai a gaban jama'a. Ka yafe mini." Baba ya ce ba komai, ya tura masa kwano. Sai da aka ci aka sha, Inna na ƙirga ƙarar cokali, sannan ya yi gyaran murya ya fi sau huɗu.

"Baba, dama... in an ba ni izini, ina so in turo magabatana. Maganar Aina'u."

Inna ta damƙe hannuna har sai da awarwarona ya shige fata.

Baba ya ce, "Na ji daɗin zuwanka, kuma na ga kana da kunya. Kai ne mai rubuta abin da manya suka faɗa ko?"

"Ni ne, Baba."

"Ka rubuta sati shida?"

"Na rubuta."

"To madalla. Ranar da ruwa ya fito daga ƙasan rijiyar nan, ba na tanka ba, ka turo su. Da shi za a dafa musu abinci."

Inna ta saki salati da ƙarfi har kaji suka watse, ta manta laɓe muke yi. "Malam! Gyaran gwamnati za ka jira? So kake yarinyar nan ta yi furfura a ɗakina?"

Daga cikin zaure na ji dariyar da Kamaruddeen ke ta dannewa ta ƙwace masa. Ni kuwa na ruga ɗaki na rufe fuska da filo.

Babur ɗinsa bai kai kwalta ba saƙo ya shigo.

"Ban kalle ki ɗazu ba don in na kalla ba zan iya rubutu ba. Ki gaya wa Daraktanku ya shirya. Wasiƙar tunatarwa a ƙa'ida sau ɗaya ake aikawa. Wannan karon kowace safiya zai samu."